Saƙon da Bai Ƙetare Rafi Ba

Baffa ya rasu a daminar farko bayan tashin kuɗin mai, lokacin da masu babura suka jingine su a zaure suka koma wa kekuna, ƙarfen sabis na bayan gari kuma yakan yi kwana da kwanaki a mace saboda ba a kawo masa dizal ba. Ranar Juma'a ce. Ya dawo daga sallar asuba ya ce wa matarsa, wadda muke kira Inna, ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Ya kishingiɗa a tabarma. Kafin ta sauke kunu ya cika. Na Allah ne mu, gare shi kuma za mu koma. Ƙanin mahaifina ne, autan ɗakinsu, kuma da ya tafi ba wanda ya rage a cikinsu sai babbar yayarsu, Gwaggo, wadda ke zaune a gidan marigayi mijinta a tsallaken rafi.

Ni ina kasuwar Dawanau a ranar, na kai ɗan waken da ya rage mini. Direban motar garinmu ne ya same ni da labarin, na biyo shi, na iso ana dawowa daga maƙabarta. Duk da babu sabis, kafin hantsi ya yi mutanen unguwanni bakwai sun cika ƙofar gida. Mai shayin mararraba ya kife tukunyarsa ya taho da ruwa bai tafasa ba. Wani tsohon maƙeri yana ta cewa, "To yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?" Wani Bafulatani daga ruga ya tsaya jikin katanga da sandarsa har aka watse, bai yi wa kowa magana ba, sai da zai tafi ya ce a gaya wa iyalin mamaci cewa shi yanzu ya iya rubuta sunan 'ya'yansa duka. Babban ɗan Baffa, wanda ke aiki a Kano, ya dubi taron ya ce bai san mahaifinsa ya san mutane haka ba.

Mai shayi ya ce, "Bai san su ba. Rabinsu ma ba su taɓa gaisawa da shi ba."

Gwaggo ta zauna a ɗakin Inna har aka yi addu'ar uku. Ba ta yi kuka ba. Duk wadda ta shigo ta durƙusa ta yi gaisuwa, sai Gwaggo ta amsa, sannan ta ce, "Ke wa ya gaya miki?" Maza ma da suka leƙo daga bakin ƙofa haka ta yi musu. Kowa kuwa yana da amsa. Wannan ta ce dillaliya, wancan ya ce mai injin niƙa, wani ya ce mai shayi. Ba wanda ya ce a gari ya ji. Gwaggo sai ta gyaɗa kai ta jira na gaba. Ita kaɗai ce a cikin dangi labari bai kai wa ba sai bayan an rufe shi. Ba ta ga fuskar ƙaninta ba, ba ta tsaya a kansa ta ce ta yafe masa ba, ga shi kuma akwai magana a tsakaninsu wadda ba su taɓa ɗauke ta ba. Ba raini ne ya jawo ba. Dalilin yana cikin yadda Baffa ya tsara abubuwansa, da kuma irin halin su biyun.

Baffa ya yi ƙuruciyarsa a Kano yana hawa falwaya yana jan igiyar tarho. Da tarhon gida ya mutu, sai ya koma jan kebul ɗin kwamfuta a ofisoshi da manyan makarantu, a ƙarƙashin injiniyoyi. Ya dawo gida da tabarau, da gwiwa ɗaya mai ciwo, da wata ɗabi'a: ba ya iya wuce igiya a yashe. Ko ta guga ce, ko ta ɗaurin akuya, ko ba tasa ba, sai ya tsaya ya warware ta ya naɗe ya rataye. In ya ga ƙulli a tsakiyar igiya yakan ce wanda ya yi shi ba ya tausayin na bayansa. Goro ɗaya yakan yini da shi, yana ɓantara da farce kaɗan kaɗan.

A shekarar kullen korona aka rufe ajinmu na yaƙi da jahilci. Malaminmu daga Bici yake zuwa, kuma ko bayan an buɗe gari kuɗin mota bai bar shi ya dawo ba. Sai ya fara ɗaukar kansa da waya a gaban allo yana koyarwa, yana turo wa kowane ɗalibi nasa. A duk yankinmu wuri ɗaya sabis yake kamawa da ƙarfi, kan tudun da ke bayan firamare. Can muke taruwa da yamma, manyan mutane da gemu, kowa ya ɗaga waya sama, abu yana ta juyawa ba ya sauka, data tana ƙarewa. Masu ƙananan wayoyi da matan da ba sa fita kuwa ba su ma cikin lissafi.

Baffa yana zaune a gindin tsamiya yana kallonmu. Rannan ya kira ni.

"Abu ɗaya kuke jira dukanku?"

Na ce e.

"Kuma kowa nasa aka turo masa daga Bici?"

Na ce e, Baffa.

"Hanya ɗaya ce daga Bici zuwa tudun nan. Me ya sa abu ɗaya zai biyo ta sau talatin?"

Ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Ya ce a wata babbar makaranta da ya yi wa aiki, akan nuna lacca ɗaya a kwamfutoci masu yawa a lokaci guda. In babbar kwamfuta ta aika wa kowace tata daban, kebul yakan cushe, hoto ya tsaya, kowa ya rasa. Sai injiniyoyin suka saita abin ta yadda guda ɗaya ce za ta fito. A duk inda kebul ya rabu akwai wani akwati da ake kira rauta, shi ne zai kwafa ya miƙa wa kowane reshe ɗaya. Kuma ba kowane reshe ba, sai wanda a ƙarshensa wata kwamfuta ta ce tana so. Jifa-jifa akwatin yakan tambaya ko har yanzu akwai mai saurare, in ya ji shiru ya daina turawa can. Ta haka, ko kwamfutocin sun ninka, nauyin babbar hanya ba ya ƙaruwa.

Ya ce, "Ba wayona ba ne. Ni kebul na ja musu, ina ji suna gardama. Amma mu ma muna da hanyoyi, muna da mararraba."

Haka aka yi. Malam ya daina turo wa kowa sai Baffa. Shi yake hawa tudu ya sauke darasi, ya gangaro mararraba ya zuba wa mai shayi ta bulutut, daga waya zuwa waya ba tare da data ba. Daga teburin shayi hanya ta rabu uku. Mai injin niƙa ya ɗauki na gabas, wani mahauci da ke bi ta unguwar maƙera ya ɗauki na arewa, dillaliya kuma ta ɗauki na cikin gidaje da na tsallaken rafi. Kowannensu in ya kai inda tasa hanyar ta rabu, akwai wanda zai zuba wa. Baffa bai sa kowa ya yi tafiya don darasi ba. Duk masu ɗauka, dama can hanyarsu ce.

Ya kafa doka cewa kowa daga mutum ɗaya yake karɓa, kuma ba a mayar wa wanda ya ba ka. Mun ɗauka fi'ili ne irin na wanda ya zauna a birni, sai da abin ya faru. Mutanen gabas da maƙera surukan juna ne, sai suka fara yi wa juna kirki ta bayan fage. Na gabas ya ba maƙeri tsohon darasi yana zaton sabo ne, maƙeri ya ba mahauci, mahauci ya ga abu ya shigo wayarsa ya sake rabawa. Darasin ranakun mako ya yi ta zagaye a arewa har muka shiga lissafi su suna nan. Da Baffa ya gano, ya je har maƙera ya zauna kusa da zugazugi.

"Sannunku da ƙoƙari. An ce duk ƙasar Kano ba wanda ya kai ku iya rubuta Laraba."

Tsohon maƙerin ya ce, "Ai mun ɗauka Malam ne yake son ta zauna mana sosai."

Daga ranar ba a sake karɓa ta gefe ba.

Babbar dokar ita ce ta tambaya. Duk ranar kasuwa magana takan hauro daga ƙarshen kowane reshe zuwa teburin shayi: akwai mai so. In reshe ya yi shiru, ba a kai masa. Baffa ba ya tambayar mutum nawa ne, ba ya tambayar su wane ne, bai kuma taɓa rubuta sunan kowa ba. Yakan ce kansa ba zai ɗauki mutum ɗari ba, amma kowa zai iya riƙe wanda ke samansa da biyu ko uku da ke ƙasansa. Wannan ya yi wa wasu rana. Akwai wani mai unguwa da ya yi shekaru yana cewa ya manta tabarau duk lokacin da aka miƙo masa takarda. Ya koyi karatu a ɗakin matarsa daga wayar da dillaliya take zuba wa. Baffa ya sani, don ba abin da ke wuce shi, amma har ya mutu in sun haɗu yakan ce, "Ranka ya daɗe, an samu tabarau ke nan," ya wuce.

Sannu a hankali hanyar ta fara ɗaukar abin da ba darasi ba: ranar rabon taki, ranar allurar shanu, suna, rasuwa. Wannan kam ba sai da waya ba, baki da baki ne, amma ta mutanen nan dai, a kan tsarin nan dai. Mutane suka saba cewa "a sa a hanyar Baffa," kuma in an sa, an gama.

Gwaggo ta shiga karatu tun farko, ita da wasu mata na tsallaken rafi. Ba wani dogon buri gare ta ba. Ɗanta yana kudu, ya saya mata ƙaramar waya, kuma ta gaji da miƙa wa 'ya'yan maƙwabta su nemo mata sunansa. Gwaggo ba ta son roƙo. Ko gishiri ya ƙare mata, gara ta sha miya lami. Matan da ke tare da ita su ne suke aiko da "akwai mai so." Da damina ta kankama suka shiga aikin gona suka watse, sai ya rage ita kaɗai, ita kuwa ba ta aiko ba. Kasuwa ta ci, ta sake ci. Rafi ya kawo ruwa, dillaliya kuma ba ta da wani ciniki a can. Baffa ya ce mata ta daina ƙetarewa.

Baffa da Gwaggo sun haɗu a sunan wata jikarsu, a tsakar gida, mata cike. Ya durƙusa zai gaishe ta.

"Auta, an ce ka yanke mu."

Har ya yi furfura Auta take ce masa.

"Ban yanke ki ba, Yaya. Shiru na ji."

"Naman layya da kake aiko mini, na taɓa cewa ina so?"

"Layya sau ɗaya ce a shekara. Wannan duk mako ne, kuma matar nan ruwa take shiga har ƙugu."

"Da Iya ta kwanta ciwo, wa ya goye ka? Cewa ka yi kana so sannan na goye ka?"

"Ina ta tsala kuka ai, Yaya. Shi ne cewa ina so."

Mata suka fashe da dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta jira dariyar ta lafa, sannan ta ce, "In sai na buɗe baki na roƙi wanda na share wa majina, ka riƙe abinka. Na mutu ban iya ba." Ta juya masa baya.

A wurinmu babba ba ya neman abu a hannun ƙaninsa. Ƙani ne zai lura ya kai, tun ba a faɗa ba, kuma a nan ake gane tarbiyyarsa. Kowa a tsakar gidan nan ya san Gwaggo tana da gaskiya. Kowa kuma ya san abin da ya sa darasi yake kaiwa unguwanni bakwai ba tare da an gajiyar da kowa ba. A hanyar komawa na ce masa, "Baffa, bari ni in riƙa faɗa a madadinta. Kalma biyu ce."

Ya ce, "Ta aike ka?"

Na ce a'a.

"In na karɓa daga bakin wanda ba a aiko ba, gobe kowa zai ce maƙwabcinsa yana so, a yi ta dakon kaya zuwa inda ba mai buɗewa, masu ɗauka su gaji su ajiye. Sai mu koma tudu mu ɗaga hannu. Kuma dillaliya ba baiwar gidanmu ba ce."

Abin ya tsaya a haka har kaka. Gwaggo ta daina aiko da daddawar da ta saba, kuma miyar gidan Baffa ta shaida. Inna takan ajiye masa kwano ta ce, "Ga miyar doka."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ce in raka shi, gwiwarsa ba ta yarda da duwatsun rafi. Muka sami Gwaggo tana tsince wake. Ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta shimfiɗa mana tabarma don ba za ta bar baƙo a tsaye ba, ta koma kan wakenta. Baffa ya kife turmi, ya jingine waya a kai, ya kunna. Muryar Malam ta cika tsakar gida.

"Mene ne wannan kuma?"

"Nawa ne, Yaya. Bita nake yi. Gidana yara ba sa barin mutum ya ji."

Mutumin da ya yi shekaru yana karanta takardun injiniyoyi. Gwaggo ta gyara zama ta ba mu baya sosai. Shi kuma ya ɗauki tsinke yana bin Malam, yana rubutawa a ƙasa, yana faɗa da ƙarfi. Can sai ya rubuta wani abu a karkace, ya karanta shi ba daidai ba. Ya sake. A na uku Gwaggo ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ba haka mutumin ya ce ba."

"Haka ya ce."

"Mayar da shi baya ka ji. Shekara nawa kana Kano, kunne ma bai buɗe ba."

Ya mayar. Ta matso don ta nuna masa kuskurensa. Da za mu tafi ya ce ta ba shi wayarta ya duba mata batir, ya juya gefe ya ɗan daɗe yana dubawa.

Daga nan duk Juma'a sai ya je, rani da damina. Wani lokaci da ni, wani lokaci shi kaɗai da sanda. Ita ba ta taɓa cewa ya zo ba, shi bai taɓa cewa don ita yake zuwa ba. Kullum bita yake yi, kullum batir ɗinta yana bukatar dubawa. Rannan muna zaune a kan dutse yana murza gwiwa na ce, "Baffa, wannan ai shi ne abin da ka hana. Tafiya guda don mutum guda."

Ya ce, "Shi ne. Ya fi kowanne tsada. Shi ya sa nake yi da ƙafata, ban ɗora wa kowa ba."

"To ka gaya wa mai shayi, ko don wata rana."

"In na gaya wa mai shayi na gaya wa gari. A ce Yaya ta rantse a gaban mata, ga ta tana karatu a hannun Auta? Bar ta da girmanta."

Saboda haka daga ni sai Inna muka sani. Mutane sun ga Gwaggo ta fara hawa kan suri a bayan gidanta, inda sabis yakan ɗan leƙo, tana nemo sunan ɗanta da kanta tana kira. Sun ga daddawa ta dawo gidan Baffa. Sai kowa ya ɗauka an shirya, an mayar da tsallaken rafi kan hanya. Ba a mayar ba. Kuma ba a shirya ba, in dai shiri shi ne a faɗa da baki. Ita ba ta janye abin da ta ce a gidan suna ba, shi bai ba ta haƙuri a kan dariyar da ya sa aka yi mata ba. Inna ta sha ce masa ya durƙusa ya gama da maganar. Yakan ce sai ta iya karanta saƙon waya tukuna, don in ya ba ta haƙuri yanzu za ta gane ba bita yake yi ba.

Ranar da ya rasu, liman ya ce a sa a hanya, aka sa. Da babban ɗansa ya iso ya tambaya ko an gaya wa Gwaggo, aka ce masa an sa a hanya tun da safe. Dillaliya ta san ba ta ƙetarewa, amma ta ɗauka 'yar'uwa ta jini ai ɗan aike na musamman za a tura mata. Inna ba ta cikin hayyacinta. Hadari yana haɗuwa a gabas, ga Juma'a, aka yi sauri. Da na iso na duba cikin mata ban gan ta ba, na tambaya, sai kowa ya dubi na kusa da shi.

Ruwan ya sauka, sai la'asar ya ɗauke na samu na ƙetare. Daidai lokacin da ya saba zuwa ne. Na tarar ta share tsakar gida bayan ruwa, ta shimfiɗa tabarma a inda ya bushe, ta kife turmi, ga fura a ƙwarya an rufe da faifai. Ta dube ni, ta dubi bayana.

"Gwiwar ce?"

Na durƙusa na gaya mata. Ta yi salati a hankali.

"An kai shi?"

"An kai shi, Gwaggo."

Ta tashi ta tayar da turmin, ta naɗe tabarmar ta jingine, ta ɗauko mayafi. A rafi na riƙe hannunta, ruwa yana ja har cinya. Da muka kai tsakiya ta tsaya.

"Nan yake bi?"

Na ce nan ne.

"Da wannan gwiwar."

Muka ƙarasa ƙetarewa, muka nufi gida.

Bayan addu'ar arba'in mutane suka ce ni zan riƙa hawa tudu, tunda na fi kowa zama da shi. Wata ranar kasuwa ina teburin shayi ana kawo mini maganar rassa, gabas akwai, maƙera akwai, sai surutu ya ɗauke. Gwaggo ce tsaye da sandarta, gefen zaninta a jiƙe. Ba a taɓa ganinta a mararraba ba. Maza suka fara sauka daga benci suna gaishe ta. Ba ta zauna ba.

"Wa ke karɓar magana yanzu?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo. Da kin aiko ai da na zo."

"Ba a aike. Haka ya ce, ko ba haka ba?"

Ba haka ya ce ba, ana aike, amma ban gyara mata ba. Ta dubi mai shayi, ta dubi mahauci, ta dubi duk wanda ke wurin, don kowa ya ji.

"Tsallaken rafi akwai mai so."

Mai shayi ya ce, "Hajiya, ku nawa ne?"

Ta ce, "Ba a tambayar nawa ne."

Ta juya ta tafi. Tun daga ranar duk kasuwa maganarta takan iso, in ba ta zo ba ta aiko. Dillaliya ta tsufa da shiga ruwa, don haka ni nake kaiwa, amma yanzu mai shayi ya sani, mai niƙa ya sani, kuma in na kwanta akwai wanda zai ɗauka. Takan karɓi wayarta ta ce an gode. Ba ta kife mini turmi, ni ma ban taɓa cewa bita nake yi ba. Ta iya karanta saƙo yanzu.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa abin da ya bari ya zama shaida a gare shi.

Ga abin da muka rasa. A cikin unguwanni bakwai, biyar ne darasi yake kaiwa yanzu. Ruga ta fita, wata unguwa a gabas ma ta fita, saboda masu ɗauka biyu sun ɓata da juna kuma babu wanda zai je ya zauna ya ba su dariya har su shirya. Ni ban iya ba. Inna ta rasa mijin da ta zauna da shi tun tana yarinya. 'Ya'ya shida sun rasa uba. Igiyar rijiyar masallaci tana kwana a ƙasa. Gwaggo ta rasa ganin fuskarsa, ta rasa faɗin abin da ta yi niyyar faɗa, ta kuma rasa mutum na ƙarshe a duniya wanda zai kawo mata abu ba tare da ta ce tana so ba.